Ire-iren Ƙungiyoyin Jama'a a Ƙasar Kance: Yadda Suke Aiki da Abin da Ke Raya Su

Gabatarwa

A ƙasar Kance da wuya a sami baligi wanda ba ya cikin ƙungiya uku ko huɗu, ko da bai taɓa kiran su da wannan suna ba. Magidanci yana noma gandu tare da ƙannensa, yana amsa kiran gayya, yana da majalisar da yake zama bayan la'asar, wataƙila kuma sunansa na cikin kwamitin makaranta. Maiɗakinsa tana da ƙawayen biki, tana zubin adashe, ran taron asusu kuma ba ta fashi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dokarsa da shugabansa, yana kuma da abin da yake bai wa mutum da abin da yake karɓa daga gare shi.

Sanin waɗannan abubuwa ya zama wajibi a yau. Gundumar Kance, wadda hedkwatarta ke Matamaye a jahar Damagaram, tana da ƙananan hukumomi tara: Matamaye, Kance, Ɗan Barto, Dawce, Dungu, Ishirnawa, Kurni, Tsauni da Yawuri. Ƙidayar 2001 ta sami mutane kusan 250,000 a cikinta, ta 2012 kuwa ta sami kusan 400,000. Jama'a ta ƙaru, gona ba ta ƙaru ba. Idan gona ta kasa ciyar da gida, mutum yakan waiwayi jama'arsa, idan kuma bai sami madogara a wurinsu ba sai ya kama hanya. Wannan shafi zai bayyana ire-iren ƙungiyoyin da ake da su, da yadda kowace take aiki, da dalilin da ya sa wasu ke ɗorewa wasu ke mutuwa.

Mece ce ƙungiya?

Taron mutane a tashar mota ba ƙungiya ba ne, domin da mota ta zo kowa zai kama gabansa. Ƙungiya ita ce mutanen da suka san juna, suke haɗuwa a kai a kai, suna da buƙata guda, kuma kowa ya san abin da ake jira daga gare shi. Duk wanda ke son ya gane wata ƙungiya, sai ya yi mata tambayoyi huɗu:

1. Wa ke shiga, kuma ta wace ƙofa?
2. Me ya haɗa su: jini, unguwa, sana'a, addini ko kuɗi?
3. Wa ke shugabanci, kuma wa ya naɗa shi?
4. Me ake yi wa wanda ya saɓa alkawari?

Da waɗannan tambayoyi za mu iya kasa ƙungiyoyin ƙasar Kance kashi huɗu.

Kashi na farko: waɗanda ake haihuwar mutum a cikinsu

Gida shi ne ƙungiyar farko. A tsarin gandu, maigida da ƴaƴansa ko ƙannensa masu aure suna noma babbar gona tare, hatsi ya shiga rumbu ɗaya. Maigida ne ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa samari auren fari. A madadin haka suna ba shi ƙarfinsu a kwanakin da aka ware wa gandu, sauran kwanakin kuma kowa ya je gamanarsa, wato ƴar gonar da aka yanka masa domin buƙatun kansa. Mata su ma suna samun gamana. Ba a rubuta wannan doka ko'ina ba, amma kowa ya san ta.

Bayan gida sai dangi, sai kuma sana'o'in gado. Maƙera, mahauta, wanzamai, masaƙa da makaɗa kowa yana da sarkinsa, kamar sarkin maƙera, sarkin pawa da sarkin aska. Su ke sasanta rigimar ƴan sana'a, su ke magana da yawunsu a fadar sarki. Manomin da ya yi fice kuma akan naɗa shi sarkin noma.

Ƙarfin wannan kashi shi ne ba a korar mutum daga cikinsa: ɗa ko ya ɓata, ɗa ne. Rauninsa kuwa shi ne ya dogara ga ƙasa. Idan magada shida suka raba gonar mahaifinsu, kowannensu kuma ya bar nasa magadan, cikin zuriya biyu gandu ya koma ƴan ɓalle-ɓalle. Maigidan da hatsinsa ke ƙarewa wata uku ko huɗu bayan kaka ba shi da bakin hana ɗansa tafiya ci-rani. Wanda ya fara jin wannan rauni ita ce mace, musamman wadda aka saka ko wadda mijinta ya rasu ko ya yi nisa, domin gamanarta ce ake fara karɓewa idan gona ta yi ƙaranci.

Kashi na biyu: na al'ada, waɗanda mutum ke shiga da ƙafarsa

*Gayya.* Mai gona ya kira jama'a, ya tanadi fura da tuwo da goro, a yi masa aikin kwana da yawa cikin yini ɗaya. Ba a biyan lada, amma bashi ne: wanda ya ƙi zuwa gayyar mutane, ranar tasa zai ga fili. Yau ƙwadago na kuɗi ya rage mata ƙarfi, sai dai har yanzu da ita ake ginin masallaci, gyaran maƙabarta da yashe rijiya.

*Biki.* Wannan yarjejeniya ce tsakanin mata. Ran sunan ƙawarki ko auren ƴarta kin kai mata gudummawa, ran naki ta maido miki da abin da ya fi, sau da yawa ninki biyu. Biki ajiya ce a hannun mutane, kuma da shi mace marar dukiya take yi wa ƴarta kayan ɗaki. Amma tun da ninkawa ake yi, yakan girma ya fi ƙarfin mai shi, kuma rashin maido biki abin kunya ne da mace kan sayar da akuyarta domin ta kauce masa.

*Adashe.* Mutane su riƙa zuba kuɗi daidai wa daida a hannun uwar adashe, kowane zagaye mutum ɗaya ya kwasa. Babu riba, babu rance, kuma mai buƙatar gaggawa sai ya jira layinsa ko ya roƙi musanya. Jarinsa gaba ɗaya amana ce.

*Samariya da fada.* A da, samarin gari suna ƙarƙashin sarkin samari, su ke aikin gayya da tarbar baƙi da shirya wasanni. Daga shekarun 1990 sai fada ta yaɗu daga birane zuwa ƙauyuka: abokai masu kusan shekaru ɗaya su kafa wurin zama, su sa masa suna, su riƙa shan shayi da hira. Wasu fadodin suna da asusun taimakon juna, suna sharar unguwa da sintirin dare. Wasu kuma, kamar ƙungiyoyin da ake kira "pale" a birnin Damagaram, sun yi suna wajen faɗace-faɗace. Ba zaman ne laifi ba, abin dubawa shi ne abin da aka zauna a kai.

*Ƙungiyoyin addini.* Makarantun allo, zawiyoyin ɗariƙu irin su Tijjaniyya, ƙungiyar Izala wadda aka kafa a Jos a 1978 ta kuma shigo Nijar, da makarantun Islamiyya na matan aure. Su ne suka fi kowa iya tara jama'a da tara gudummawa ba tare da tallafin kowa ba.

Hukuncin wannan kashi duka ɗaya ne, wato kunya. Ba a kai mutum ƙara, sai dai a daina zuwa sha'aninsa. A ƙauyen da kowa ya san kowa, wannan hukunci ya fi tara zafi.

Kashi na uku: waɗanda hukuma ta kawo

Ƙasar Matamaye ta daɗe da sanin wannan kashi. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumar UNCC domin bashi da koperatif, da kamfanin SONARA domin cinikin gyaɗa. Da aka fara aikin wayar da kan karkara a 1963, yankin Matamaye na cikin wuraren farko: ƙauye ya zaɓi wakilansa, a yi musu horo na ƴan kwanaki, su dawo su isar da saƙo. Daga 1966 aka shigo da sabon tsari inda ƙauye gaba ɗaya ya zama tushen koperatif, manoma da kansu suka riƙe sikeli da littafi a kasuwannin gyaɗa, ribar da ta rage kuma a maido wa ƙauyuka. A nan ne yaƙi da jahilci cikin Hausa ya sami amfani a fili, domin mai awo da magatakarda dole su iya rubutu da lissafi.

Tsarin ya tsaya ne a kan gyaɗa. Da farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, sai ƙafar da yake tsaye a kai ta karye. A shekarun 1970 aka yi babban furojen nan na 3M, wato Mirya, Magarya da Matamaye, da tallafin Turai. Bayan juyin mulkin 1974, Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya ya mai da ita hannun hukuma a kowane ƙauye, aka kuma kafa Ƙungiyar Matan Nijar a 1975. Samariya ta gina azuzuwa, ta dasa itatuwa, ta cika filayen bikin matasa na ƙasa. Sai dai umurni daga sama yake saukowa, kuma bayan babban taron ƙasa na 1991, da aka shiga zamanin jam'iyyu da yawa, sai ta watse.

Magadan wannan kashi a yau su ne kwamitoci. Akwai na makaranta, wanda aka fara sani da COGES daga baya CGDES, akwai na gidan likita, akwai na famfo. Akwai kuma hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada, tun daga na ƙauye har na gunduma, masu shaida cinikin gona, jingina, aro da kyauta a rubuce. Zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004 ya kawo kansiloli da magadan gari. A Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun, suka naɗa kantomomi. Darasin tarihi a nan a bayyane yake: abin da hukuma ta kafa, hukuma na iya sauya shi dare ɗaya. Ƙungiyar da ba ta da wani tushe sai takardar hukuma, ranta na hannun wanda ya sa hannu a takardar.

Kashi na huɗu: na yarjejeniya

Waɗannan su ne waɗanda mambobi ke zaɓen junansu, su tsara dokarsu, su zuba kuɗinsu.

*Asusun mata.* A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi. An gina shi a kan adashe, aka ƙara masa abubuwa uku: rance mai ɗan ƙari, akwati mai kwaɗo uku wanda makullansa ke hannun mata uku dabam, da ƙirga kuɗi a bainar kowa. Ga misali: mata 25, kowace na zuba dala hamsin, wato sefa 250, duk mako. A mako ɗaya akwati ya sami sefa 6,250. A mako 40 ya tara jika 250, ban da ƙarin rance da tarar makara. Mai son jarin ƙuli-ƙuli ko kiwon tunkiya ta karɓi rance ta maido cikin wa'adi, ƙarin kuma akwati yake komawa, ba aljihun wani ba. Ƙarshen zagaye a fasa akwati a raba. Ana kuma ware ɗan asusu na daban domin rashin lafiya da rasuwa. Wannan dabara da aka haifa a ƙasar Hausa ta bazu ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta, kuma asirinta shi ne ba a zuba mata ko dala daga waje.

*Makarantar mazaje.* A 2008, da tallafin hukumar UNFPA, aka buɗe makarantu 11 na gwaji a yankunan Matamaye da Magarya. Ba aji ba ne mai allo da alli. Magidanta ne kamar goma, waɗanda gari ya yarda da halinsu, suke zama sau biyu a wata su duba matsalolin awon ciki da haihuwa a gidan likita, su je su yi magana da ƴan uwansu maza. An lura cewa maigida ne ke ba da izinin zuwa likita, saboda haka aka nemi maigida ya yi wa maigida magana. Daga nan tsarin ya yaɗu zuwa sauran jahohi da ƙasashen maƙwabta.

*Bankin cimaka da jinginar hatsi.* Bankin cimaka yana sayen hatsi da kaka lokacin araha, ya sayar wa ƴan gari da rangwame lokacin da rumbuna suka ƙare. An kafa su da yawa bayan yunwar 2005. Jinginar hatsi kuwa, wadda ake kira warantaj, manoma ne ke tara wake ko gyaɗa ko hatsi a sito mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da bashi. Su yi sana'ar rani da kuɗin, su biya, su buɗe sito lokacin da kaya ya yi daraja.

*Koperatif.* Dokar OHADA da aka amince da ita a Lome ran 15 ga Disamba 2010, wadda Nijar ke aiki da ita, ta tanadi iri biyu. Ƙaramar, SCOOPS, mutum biyar sun isa su kafa ta, tana da babban taro, kwamitin gudanarwa da kwamitin sa ido. Babbar, mai majalisar gudanarwa, tana buƙatar aƙalla mutum 15. A dukansu kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan jarinsa. Masu rake da kayan lambu na fadamun Dungu da kewaye, waɗanda dillali ke yanka wa farashi ɗaya bayan ɗaya, su ne irin waɗanda wannan tsari zai fi amfana.

Hanyar Aljeriya: abin da take koya mana

A Oktoban 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Akasarinsu mutanen ƙasar Kance ne, kuma ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Daga Disambar 2014 Aljeriya ta fara maido ƴan Nijar ayari-ayari bisa yarjejeniya da gwamnati. A Mayun 2015 aka kafa dokar hana safarar baƙin haure, a Nuwamban 2023 aka soke ta. A Maris 2022 gwamnati ta kwaso mutane sama da 1,000 daga titunan Dakar, akasarinsu daga Kance da Magarya. A 2024 kuma ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000, ƴan Nijar da baƙi, da aka koro zuwa Assamaka. An yi doka, an soke doka, an yi wa'azi, an yi kora, amma hanya ba ta mutu ba.

Dalili na farko sananne ne, wato ƙarancin gona da yawan baki. Na biyu shi ne Najeriya, wadda a da ita ce wurin ci-ranin mutanen wannan yanki ta hanyar Ɗan Barto da Daura, ta rage amfani: rikicin Boko Haram, rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, takunkumin CEDEAO daga Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, da faɗuwar naira, wadda ta sa abin da ɗan ci-rani ya aiko ba ya auki idan an canza shi zuwa sefa.

Dalili na uku shi ne wanda ya shafi darasinmu. Tafiyar nan ita kanta aikin ƙungiya ce. Ba mace ɗaya ke tashi ita kaɗai ta nufi Tamanraset ba. Akwai wadda ta riga ta zuwa ta san hanya, akwai mai ba da rancen kuɗin mota ko mai karɓar jinginar gona, akwai dangin da ke ba da aron yaro bisa alkawarin kaso, akwai masauki a can. Amana da zumunci da kunya, waɗanda ke riƙe da adashe da biki, su ne ke riƙe da wannan hanya. Idan wadda ta dawo ta yi wa ƴarta kayan ɗakin da ba a saba gani ba, ta maido biki ninki biyu, to ma'aunin gari ya tashi, maƙwabciyarta kuma ta shiga tunani. Ƙungiya wuƙa ce, tana yanka nama, tana yanka hannu.

Wanda ya fi kowa asara shi ne yaro. Shekarar da ya yi yana bara a titi, shekara ce da ba ya aji, ba ya makarantar allo, ba ya koyon sana'a. Saboda haka faɗakarwa kaɗai ba ta isa ba. Abin da jama'a ta ɗaure, jama'a ce ke kwance shi. Mace ɗaya ba ta iya rage biki ita kaɗai, za a ce ta gaza. Amma idan matan asusu 30 suka yanke cewa ba ninki a tsakaninsu, sarki da limamai suka goya musu baya, ba wadda za ta ji kunya. Haka kuma mace mai samun rancen jika 20 a akwatin unguwarsu ba ta da hujjar jinginar da gona domin kuɗin mota.

Me ke kashe ƙungiya?

*Kafa ta domin baƙo.* An ji furoje na zuwa, a daren nan aka rubuta sunaye. Irin wannan ranar da motar furoje ta daina zuwa, ranar take mutuwa.

*Taruwar komai a hannu ɗaya.* Shugaba shi ne ma'aji, shi ne mai makulli, ƙanensa ne magatakarda. Ko mutumin kirki ne, zargi zai shiga, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

*Bashin da ba a iya tambaya.* Bankunan cimaka da yawa sun rufe ne domin an ba manyan gari hatsi bashi, ba wanda ya iya buɗe baki ya ce su biya.

*Lissafin duhu.* Idan mutum ɗaya ne ya iya karatu a ƙungiya, sauran sai abin da ya faɗa musu.

*Siyasa da bangaranci.* Ƙungiyar da ta zama reshen jam'iyya ko ta wani ɓangare na rikicin sarauta, rabin gari ya fita daga cikinta ke nan.

Me ke raya ta?

Idan muka duba waɗanda suka daɗe, wato gayya, adashe, zawiya da asusun mata, za mu ga sun yi tarayya a abubuwa huɗu. Buƙatar da ta haɗa su ta mambobi ce, ba ta baƙo ba. Kowa yana zuba wani abu nasa, ko kuɗi ko ƙarfi ko lokaci. Ba su yi yawan da za a kasa sanin juna ba. Kuma hukuncinsu yana hawa kan kowa. Takardar hukuma tana da amfani, domin da ita ake buɗe ajiya a banki, a nemi bashi, a sa hannu a yarjejeniya. Amma takarda rufi ce, ba tushe ba. Ba a ɗora jinka sai an ta da bango.

Shawarwari ga masu son kafa ƙungiya ko gyara tasu

1. Ku fara da buƙata ɗaya wadda kowa zai iya faɗa cikin magana ɗaya, kamar sayen taki tare ko sayar da rake tare.
2. Ku yi wata shida kuna zubi da kuɗinku kafin ku nemi takarda ko tallafi. Wanda ya jure wannan, shi ne mamba.
3. Ku raba muƙamai. Shugaba dabam, ma'aji dabam, magatakarda dabam, masu makulli dabam, kuma kada su fito gida ɗaya.
4. Ku sa wa shugabanci wa'adi tun ran farko, tun ba a san wanda zai hau ba.
5. Ku rubuta dokarku da Hausa, ko da boko ko da ajami, a riƙa karanta ta a taro. A faɗi zubi, tara, wa'adin rance, da abin da za a yi idan mamba ya rasu ko ya yi tafiya.
6. A ƙirga kuɗi a gaban kowa, a faɗi jimilla da ƙarfi a farkon taro da ƙarshensa.
7. Aƙalla mutum uku su iya duba littafi. Ku tura mambobinku ajin yaƙi da jahilci, ku kawo littafin ƙungiya a yi darasin lissafi da shi.
8. Idan ƙungiya ta sami fili, ko aro ne ko kyauta, a rubuta shi wurin hukumar filaye ta ƙauye ko ta ƙaramar hukuma. Mata su fi kowa kula da wannan, domin filin da suka gyara ya yi kyau shi ake fara waiwaya.
9. Ku sanar da maigari da limami, ku girmama su, amma kada ku ba su makulli.
10. Domin rajistar koperatif, ku tuntuɓi ma'aikatar gona a Matamaye ko zauren manoma na jahar Damagaram, su nuna muku takardun da ake buƙata.

Kammalawa

Ƙasar Kance ba ta rasa ƙungiyoyi ba, kuma ba baƙo ne ya koya mata haɗin kai ba. Abin da ya sauya shi ne gandu, wanda a da yake ɗauke da kowa, yanzu ya yi rauni, nauyinsa kuma ya faɗo kan mata da matasa. Ba a iya ƙara faɗin gona, amma ana iya gyara yadda ake ajiya, yadda ake rance, yadda ake sayarwa da yadda ake biki, kuma duk waɗannan sai da jama'a. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Ku lissafa ƙungiyoyin da ke garinku. Wane kashi kowace ta faɗa?
2. Wace ce ta fi daɗewa? Me ya riƙe ta?
3. Akwai wadda ta mutu? Wanne daga cikin dalilai biyar ɗin nan ya kashe ta?
4. Mata 20 suna zuba dala ashirin, wato sefa 100, kowane mako. Nawa za su tara a mako 30?
5. Wace doka garinku zai iya yankewa tare domin rage nauyin biki da kayan ɗaki, kuma su wa ya kamata su zauna a yanke ta?